Baba Tsakuwa da Tsagar Dutsen Bayan Gida

Ni dai tun ranar da ya tare a gidanmu na haya ban yarda da shi ba. Kowa na tarewa da katifa da tukwane, shi kuwa buhuna ne masu nauyi, har mai kurar da ya kawo su ya tafi dafe da ƙugu. Da aka kwance, duwatsu ne. Tsoho, ba mata, ba ɗa a kusa, sai duwatsu. Yara suka raɗa masa Baba Tsakuwa, bai kuma taɓa musawa ba.

Gyaran agogo yake yi a wani ɗan teburi bakin titi. To amma wa ke ɗaura agogo yanzu, kowa da waya a hannu? Rabin yini gilashin da yake maƙalawa a ido ba agogo yake kallo da shi ba, tsakuwa yake juyawa. An ce yana saurayi ya yi aiki a wurin fasa dutse, can abin ya shiga ransa. Na sha ganinsa da idona yana lasar dutse. Da na tambaya sai ya ce, "In ya jiƙe ya fi nuna launinsa, 'yata." Na ce to, a raina kuwa na ce ruwa ba ya tsami banza.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya bayani. Zai nuna gaɓar rafi ya ce wannan jan layin ruwa ne ya shimfiɗa shi a hankali, wancan mai tsakuwa kuma wata ambaliya ce tun ba a haifi kakan kowa ba. Akwai wani dutse a kan tagarsa mai zanen katantanwa a jiki, wai teku ya taɓa kwanciya a inda muke shanya. Teku, a unguwar da famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa. Yara kan zauna baki buɗe, ni kuwa sai in kira nawa in ba su aiki.

Gidan a gindin wani ƙaton dutse yake, ɗakina ne na ƙarshe, bangonsa kusan jingine da shi. Can sama akwai wata doguwar tsaga. Duk bayan ruwan sama Baba zai hau yana nishi, ya daɗe, ya sauko ya shige ɗakinsa. Rannan matar direba, maƙwabciyata, ta hau koro akuyarta ta dawo a guje. Ta ce an cusa ƙananan duwatsu a cikin tsagar, a jere, kowanne da ɗigon jan fenti, kuma saitin rufinmu.

Mijinta ya hau ya zaƙulo su ya watsar. Baba ya sa wasu, aka sake watsarwa. Ana cikin haka ɗan direban ya kwanta zazzaɓi, kajin Hajiya mai gidan suka fara mutuwa. Sai magana ta tsaya a kan ko Baba ya bar gidan ko mu mu bari. Ɗakin nan kuwa shi ne daidai ƙarfinsa, ga shi kusa da teburinsa, ga ciwon gwiwa.

Hajiya ta tara mu a tsakar gida da hantsi.

"Malam, me kake binne mana a ka?" in ji ta.

"Ba binnewa nake ba, Hajiya, awo nake. Ina matse dutse a bakin tsagar. In na dawo na tarar ya zurma, to ta ƙara buɗewa ke nan."

"To ya zurma?" direba ya tambaya yana taɓe baki.

"Ina zan sani? Kullum sai kun cire."

"Jan fentin fa?"

"Don in gane nawa."

Amsa ta fito sumul, wannan ma ya ƙara mini zargi, don mai gaskiya yakan ɗan yi in-ina. Hajiya ta ce ya nemi wani wuri kafin ƙarshen wata. Na zaci zai roƙa. Bai roƙa ba. Ya ɗaga kai ya kalli dutsen, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ɗakin da ya samu can hayin rafi ne, nesa da aikinsa, fili fetal ba ko tudu. Wannan ya tsaya mini a rai. Mutumin da ke son dutse kamar ransa, me ya kai shi inda babu dutse?

Ranar tashinsa, bayan an loda buhunan, ya tsaya a ƙofar ɗakina ya yi sallama.

"'Yata, akwai guda ɗaya da ba ku gani ba, ban shafa masa fenti ba. Jiya na hau."

"Sai me, Baba?"

"Ban same shi ba. Wataƙila akuya ce ta ture shi, wataƙila kuma ba ita ba ce." Ya gyara hularsa. "Gadon yaranki a jikin bangon baya yake, ko?"

Na shiga tunanin yadda aka yi ya san inda yarana ke kwana. Ya bi bayan kura yana ɗingishi.

Mijina ya ce tsoratarwa ce irin ta wanda aka kora, ƙila kuwa haka ne. Har yau ban ce na yarda da tsohon nan ba. Amma damina ta kankama, tsoro ya hana ni sakat, kuma duk gidan ba wanda ke hawa dubawa. Na janye gadon yara zuwa bakin ƙofa, ni nake kwana a jikin bangon.