Barmo, Wanda Ya Koya wa Iska Daka

A da, kullum bayan sallar asuba, Barmo mai walda yakan ɗauki ƴar kwalbar baƙin mai ya nufi bakin gonakin Tsarnawa. Can Mai Daka take tsaye, macen ƙarfen da ya ƙera da ƙafar keke, sarƙar babur da gindin ganga. Iska na juya fukafukan bayanta, sai hannayenta su ɗaga taɓarya su sauke a turmi, gwangwanaye su ɗauki ƙara, tsuntsaye su watse daga kan dawa. Masu motoci kan tsaya kallo. Zulaiha mai gonar gefen, wadda ba ta da mai yi mata tsaron tsuntsu, shekara tara tana cika rumbu albarkacinta.

To, ku ji abin haushi. Bana aka ce manyan baƙi za su yi taro a filin da ke kusa. Ƴan kwamitin tarba suka ce ƙarar Mai Daka za ta hana jin jawabi. Ba su nemi Barmo ba. Suka kawo wani mai walda ya liƙe gaɓoɓin hannun, suka shafa mata fenti, suka jeru gabanta aka ɗauki hoto. Har wani ya yabi "fasahar ƙasarmu" a lasifika, bai ambaci mai fasahar ba! Aka watse aka bar ta a sandare, ga dawa ta fara ido.

Kwana uku tsuntsaye na biki. Zulaiha ta same shi gida ta ce, "Barmo, sun kashe ɗiyarka, ga dawata na bin ta."

Shekarunsa saba'in da biyu, wutar walda ta ci masa ido, tun bara ya ajiye aiki. Haka ya ɗauki zarto. Na gan shi a kan tsani, yana laluben liƙin da yatsa. Sai la'asar taɓarya ta sauka.

"In tat tsaya, ƙarhe na kawai," ya ce mini.

Kai ne injiniyan da bai shiga lakwal, makarantar boko, ba, Barmo. Kai ka san nauyin da iskar kaka ke iya ɗagawa, kuma ka sa abin ya yi kyau. Rabin gonar Zulaiha ya tsira saboda kai. Mun gode, Allah ya saka.

Ku kuma masu waldan Konni da Malbaza, ku bar ƙofofi yini guda ku je ku koya tun yana iya nuna muku. Da na riƙe masa tsani yana saukowa, ya ce mini ba zai iya sake hawa ba.