Murfin kwalba a bakin taɓarya

Ƙanena ya zo hutu daga horon soja, saura kaɗan a tura su daji. Muna zaune a Mile One, Fatakwal, bayan shagon albasar mahaifinmu. Kullum bayan la'asar sai ya kwanta rub da ciki a baranda, ya tokare taɓaryar Inna a kafaɗa kamar bindiga, ni kuma in ɗora masa murfin kwalba a bakinta. Ya ce haka ake koya musu: ka saki rabin numfashi, ka riƙe sauran, ka ja kunamar bindiga a hankali ba tare da murfin ya faɗi ba. Daga kusa, in ji shi, kowa ma gwani ne. Daga nesa kuwa harsashi sauka yake yi, iska tana karkatar da shi, ɗan rawar hannu ya isa ka kuskure mutum ɗungurungum.

Murfin bai taɓa faɗuwa ba. Damuwata daban ce. Tun a firamare bencin gaba yake zama, yana ƙanƙance ido. Yadda ya tsallake gwajin ido ban sani ba. Tarihi na karanta a jami'a, ba likitanci ba, wataƙila horo yana cike abin da ido ya rasa. Na so ƙwarai in yarda da hakan.

Wata rana na nuna masa allon kemis a tsallaken titi, na ce ya karanta.

"Yaya, tsoro ya yi maka yawa. Kofur ɗinmu ya ce hannuna ya fi na kowa."

"Na ji hannu. Me aka rubuta?"

Ya ƙanƙance ido, ya kasa karantawa. Can ya ce in aka sani korarsa za a yi, ya dawo tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Na roƙe shi, har hawaye na yi, ya bi ni wajen masu tabarau. Da ya saka, ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce ashe wayoyin lantarkin nan suna da yawa haka.

A tasha ya cire tabarau ɗin, ya cusa cikin safa, ya tura can ƙasan jaka. Na yi tunanin in kai maganar wajen manyansa, na kasa, kuma har yau ban tabbata daidai na yi ba. Duk sanda ya kira daga daji ina tambayarsa ko yana sakawa. Sai ya ce layin ba kyau, in gaida Inna.