Telar da Ba Ta Zama

Shekara ashirin da biyu ta yi tana taka keken ɗinki a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, wanda in ta buɗe hannuwa sai ta taɓo bango biyu. Da ciwon ya zo, daga ƙugu yake tashi, ya bi bayan cinyar hagu kamar zaren wuta har tafin ƙafa. Zama ke tsokano shi. Sai ta ɗora keken a kan bulo, aka haɗa masa inji, ta koma ɗinki a tsaye. Maƙwabta suka laƙaba mata Soja.

"Soja, yau ma ba a sallame ku daga fareti ba?" in ji mai gyaran takalmi.

"Kai da ke zaune, me ka tsinana?"

Shekara shida tana shan maganin sanyi da na ciwon baya. Da 'yarta ta gaji da ganin uwa na cin abinci a jingine da bango, ta ja ta asibiti aka yi hoto.

Likita ya nuna musu wani dunƙule kamar ƙwan kaza, can cikin ƙugu.

"Mama, ƙari ne ya tsiro a rigar jijiya. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa. Ni kaina sau biyu na taɓa ganin irinsa."

"Alhamdulillahi. To, a cire mana," in ji uwar.

Likitan ya sake nuna hoton. Ya ce abin ya manne da jijiyar da ke motsa ƙafa. In an yanka, tana iya farkawa da ƙafar da sai an ja, ko riƙe fitsari ya gagara. In an bari, zai ci gaba da girma sannu a hankali.

"In mahaifiyarka ce, me za ka ce mata?"

"Zan ce ta je ta yi tunani, Mama."

Ta naɗe takardar amincewa da tiyata da aka ba ta, ta tura cikin aljihun keke tare da allurai. 'Yar na cewa ta sa hannu, maigida na cewa kada a taɓa abin da ba ya kisa. Duk wanda ya yi magana a ƙarshe, shi take ganin ya fi gaskiya.

Bana shekara biyu ke nan. Duk wata shida takan koma a auna, a ce ya ƙaru kaɗan. Rannan ta ɗauki biro har ta rubuta harafin farko na sunanta, sai wata ta leƙo karɓar riga. Ta mayar da takardar, ta shiga neman rigar.