Gadajen Igiya na Ustad Gulbaz

Sayen abu kafin a san inda za a ajiye shi, wannan shi ne ciwon mutanen yanzu. Wanda ya tsufa yana maganinsa a lungunan Rawalpindi ta Pakistan, Ustad Gulbaz bakanike, bana ya ajiye aiki, ba wanda ya ce masa sannu.

Kullum da hantsi in ya sha shayi, ba gareji yake nufa ba. Gidan wanda ya ƙwallafa rai a kan mushen jif ɗin soja yake zuwa, ya sa a jera gadajen igiya tara a tsakar gida. In sun shiga, ya ce a sayo motar. In ba su shiga ba, ya ɗauki hularsa. Mutane suka rasa gane kansa, har wasu na cewa aljanu yake wa shimfiɗa.

Gidan Raja Tanvir mai shagon yadi, huɗu kawai suka shiga.

"Ustad, mota zan haɗa fa, ba asibiti ba."

"Ɗana, mota a tsaye wuri ɗaya take ci. Ranar da ka kwance ta, haihuwa take yi."

Tanvir ya yi dariya, ya sayo. To, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Da aka kwance motar, ƙofofi suka tare a ɗakin baƙi, inji ya jingina da tanderu, notina suka cika tukwanen matarsa. Ana haka bikin ɗansa ya ƙarato, surukai suka aiko cewa kayan amarya na tafe. Tanvir ya tsaya tsakar gida riƙe da wani ƙarfe, bai san na gaba ne ko na baya ba, bai kuma san inda gadon amarya zai zauna ba.

Ustad, kai ne ka zo da keken jaki ba a kira ka ba. Ba ka ce "ai na faɗa" ba. Ka kwashe tarkacen zuwa garejinka, ka bar naka aikin a rana, har amarya ta tare. Mun gode, Allah ya saka. Yara, ku koyi aunawa kafin yankawa.

Shi kuwa Tanvir, tanderun matarsa ya tsage, gwaibar da ubansa ya shuka an sare ta don neman wuri, notina rabi sun bi shara. Jif ɗin har yau ba ta yi tari ba.