Idon Tanti Aglaia

Kafin ɗalibai su gama hamma a tashar bas, Tanti Aglaia Rusu ta riga ta buɗe ɗakin gwaje-gwajenmu na jami'a a birnin Iași, ta kunna tsohuwar na'urar, ta jera gilasai. Tanti, wato inna, muke ce mata. Ita ba farfesa ba ce. Ma'aikaciyar ɗakin ce, kuma a hannunta muka gane abin da littafi ya kasa fahimtar da mu.

Gilashin bai fi yatsa biyu ba, amma ɗigo dubbai ne a kansa, kowanne na ƙwayar gado guda. Saƙonnin da ƙwayoyin ke aikawa a nama mai ciwo a rina su ja, na lafiyayye kore, a zuba, kowanne ya manne a ɗigonsa. Inda ja ya rinjaya, ƙwayar ta fi aiki wajen mai ciwon. A baki da sauƙi. A gaban allon na'urar kuwa sai ka ga ɗalibi ya yi zuru.

Ciwon suga ya fara cin idon Tanti. Da kanta ta je ta shaida wa shugaban sashe. Ya gaya mata gaskiya: babu wanda ya iya na'urar sai ita, ranar da ta tafi za a rufe ajin. Ta roƙi a bar ta ta fitar da 'yan ajin da ke hannunta.

Sai ta sauya salo. Ta zauna ta bai wa allo baya, ta kira wani ɗalibi.

“Horia, wane launi ne a saman can?”

“Rawaya, Tanti.”

“To, me ya sa?”

“Ko rinin ne ya lalace?”

“Kanka dai ya lalace, ɗan nan. Sake tunani.”

Ya yi ta susar ƙeya, can ya ce, “Ja da kore ne suka zo daidai. Ke nan ciwon bai taɓa wannan ba.”

“Ka ci zacusca yau,” in ji ta, ta tura masa kwalbar wannan miyar kayan lambu da biredi.

Ke ce uwar masu jinkirin ganewa, Tanti. Ke ce ba ki taɓa ba mu amsa a bagas ba. Zuciyata ta karaya da na ga kina laluben maɓallin da kika shekara da shekaru kina dannawa.

'Yan ajin duk sun fita lafiya. Makon jiya aka rufe ajin, aka lulluɓe na'urar.

Mun gode, Tanti. Ku da kuke koyarwa, ku yi koyi da ita, ku bar ɗalibi ya gani da idonsa, ya faɗa da bakinsa.

Da ta miƙa makullin ɗakin, ta tsaya a bakin matakala ta ce, “Horia, riƙe ni mu sauka. Ba na ganin ƙasa.”