Kaset ɗin da ya maƙale a rediyon Baba

Jama'a, yau na ji marigayi Baba yana waƙa! Ku yi haƙuri in na rikita wani abu.

Na kai tsohuwar rediyonsa gyara unguwar Bolari, wurin Baba Yohanna mai gyaran rediyo. Yana buɗe ta sai ga kaset a maƙale. Ya warware zaren da biro, ya kunna. Jita, ganga, da piyanon lantarki, irin kiɗan samarin da. Sai murya ta shigo.

Wallahi muryar da ta yi shekaru tana kiran salla a unguwarmu ta Hammadu Kafi, ita ce! Ko dai kunnena ne, ban sani ba.

Baba Yohanna ya ajiye sukundireba. Ya ce, "Ɗan wa ne kai?"

Na ce, "Ɗan Malam Sani ladan."

Ya ce, "Sani ne wannan. Ni ne mai gangar. Mu huɗu ne, ba wanda ya tuna da mu. Da zai auri mahaifiyarka, surukinsa ya sa ya ƙone kaset ɗinmu duka. Ashe ya ɓoye ɗaya."

Muka saurari waƙar har ta ƙare. Waƙar kewar Kwadon ce, garinsu. Daɗinta ya sa ni kuka.

Bala, Ladi, ku da kuke shagon a lokacin, ku gyara min in na yi kuskure. Ina so in tabbatar kafin in kunna wa Inna.