Kwana Guda Muna Jiran Tuwon Baƙi a Normandi

Asabar

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar Saint-Denis, a gefen Paris, ni da matata Rakiya da wanta Alhaji Lawali, wanda ya zo daga Lyon da motarsa tun Juma'a. Watan Agusta ne na 1996. Ni na shirya tafiyar nan. Shekara biyu ke nan ina zuwa karatun manya bayan na tashi daga aikin shara, kuma da hannuna na rubuta wa masu wata gona a Normandi takarda na kama mana ɗakin hutu na sati guda, kusa da teku. Alhaji bai yarda da karatuna ba. Tun a bakin ƙofa ya ce, "Habu, wanda ya fara koyon baƙi da furfura, anya ba rami zai kai mu ba?"

Na ce, "In sha Allahu, Alhaji."

Ƙarfe bakwai jandarma suka tsayar da mu bayan wurin biyan kuɗin hanya, suka duba takardu, suka sallame mu. Tara da rabi muka wuce Caen, kilomita ɗari biyu da talatin da wani abu. A wajen garin akwai wani ƙaton kanti. Rakiya ta ce, "Malam, mu tsaya mu sayi shinkafa da mai."

Na hana. Na ce gona za mu, ba otel ba. A garinmu Tasawa, in baƙo ya sauka gidan manomi da buhun shinkafarsa, ai ya zagi mai gida. Alhaji ya gyaɗa kai, wannan karon dai ya yarda da ni.

Sha ɗaya da kwata muka isa. Shanu baƙi da fari ko'ina, ciyawa har gwiwa. Matar gidan, Madam Odil, ta ba mu makulli, ta nuna mana gadaje da tukwane da murhu da firiji. Firijin wayam, amma na ce a raina ai ba a san lokacin zuwanmu ba. Na miƙa mata tsaraba, kilishi ƙunshi biyu da goro ashirin. Duk abin ci da ke motar ke nan. Ta yi ta godiya, ta tafi.

Da magariba ƙamshin soyayyar albasa ya taso daga gidansu. Muka wanke hannu muka zauna. Muka ji ƙarar cokula. Muka ji ana wanke kwanuka. Alhaji ya sha ruwan famfo kofi uku ya kwanta.

Lahadi

Ƙarfe shida na je gaida mai gida, Musyu Rene, na same shi yana tatsa. Na tambayi kwana, na tambayi gajiya, da iyali, da shanu, ko zai tuna yana da baƙi. Ya ce lafiya lau, ya ce yau za a yi ruwa. Roƙon abinci da baki kuwa, wannan ban iya ba.

Rakiya ta ce a je ƙauye, kilomita bakwai ne. Na ce a ƙara haƙuri zuwa azahar, watakila abincin rana suke aikawa. Don a rage lokaci na ja su bakin teku, tafiyar minti ashirin a ƙasa. Muka tarar ruwan ya janye can nesa, sai laka da tsuntsaye. Alhaji ya daɗe yana kallo ya ce, "Ka gani? Shi ma tekun ya tafi neman abinci."

Ƙarfe ɗaya da rabi na saduda muka shiga mota. Kantin ƙauyen da gidan burodin duk a rufe. Ni na karanta musu allon ƙofar: ran Lahadi ƙarfe ɗaya ake rufewa.

Alhaji ya ce, "To, karatun ya yi rana. Yanzu ka iya karanta mana yunwa." Ya rantse cewa da la'asar zai ɗauki ƙanwarsa ya koma Lyon, kuma duk wanda ya san ni, daga unguwar Barbès ta Paris har Tasawa, sai ya ji yadda na kai surukina gona na horar da shi da yunwa. Na san halinsa, zai faɗa, har da ƙari.

Muna dawowa na hangi Musyu Rene shi kaɗai yana loda dammunan karan alkama a bayan tarakta, ga hadari ya taso daga teku. Sai na tuna gayya. A garinmu ba a taɓa yi wa mutum aikin gona ya bar ka ka tafi da cikinka ba. Na tuɓe riga na kama. Shekara goma sha bakwai rabona da ɗaukar dami, ga ciki ba komai, amma hannu bai manta ba. Muka shigar da na ƙarshe ruwa na saukowa.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ku zo ku sha wani abu."

Na ce, "Musyu, in da abin taunawa, ya fi."

A nan maganar ta fito. Rakiya ta fi ni Faransanci, ita ta bayyana musu komai. Ashe ɗakin kawai muka kama, abinci kowa shi ke dafa wa kansa. Madam Odil ta yi dariya har ta zauna a kujera tana share ido, sannan ta tashi a guje. Ta soya ƙwai goma sha biyu, ta kawo dankali da man shanu da madara da burodi. Ta ce su ma suna da tasu tambayar: 'ya'yan itacen nan da muka ba ta, awa biyu ta dafa su ba su yi laushi ba. Alhaji ya dubi goro ashirin a tukunya, ya yi salati, ya ci gaba da cin dankalinsa.

Litinin zuwa Asabar

Litinin muka cika firiji. Kowace safiya ina taya Musyu Rene tatsa, kowace yamma sai ga kwano a rufe a bakin ƙofarmu. Rakiya ba ta taɓa mai da shi wofi ba. Laraba ta tuƙa musu tuwon shinkafa da miyar gyaɗa. Alhaji ya koya wa mai gida cin goro da wanda aka tsamo daga tukunya, mutumin ya tauna rabi don kunya.

Asabar ƙarfe goma muka yi sallama, huɗu na yamma muna Saint-Denis. Kafin ya kama hanyar Lyon, Alhaji ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Malam Habu." Shekara ashirin da aurena, bai taɓa sa mini Malam ba. Ya ce, "Ka rubuta wa matar nan ta ajiye mana ɗakin baɗi. Amma shinkafar ni zan riƙe."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa mutanen gonar nan, na kuma gode wa Rakiya, wadda har yau ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba sai sau huɗu.